Kyanwa na kwance, likita bai gano ciwon ba, kuɗi na ta zurarewa

Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Kafin mai ita ya lura ta daina hawa katanga, ko ta koma kwanciya a bayan randa, sau da yawa ciwon ya kwana biyu a jikinta. Abin da ake gani kuma kusan iri ɗaya ne: ƙin abinci, rama, amai, kasala. Waɗannan huɗun suna iya zama ciwon ƙoda, ko hanta, ko tsutsar ciki, ko zare da ta haɗiya ya naɗe hanji, ko ɓeran da ya ci guba ita kuma ta cinye shi. Shi ya sa idan likitan dabbobi ya ce "ba mu tabbatar ba tukuna", galibi gaskiya ya faɗa maka. Inda kuɗi ke salwanta shi ne zirga-zirga ba tsari: yau allura, jibi a canza magani, mako mai zuwa a sake gwajin da aka riga aka yi.

Akwai alamomin da ba a tsaya lissafin kuɗi a kansu. Muzurun da ke ta tsugunno yana yunƙuri amma fitsari ba ya fita, mafitsararsa ta toshe, kuma kwana ɗaya zuwa biyu sun isa su kashe shi. Haka kyanwar da ke numfashi da baki a buɗe, ko dasashinta ya yi fari fat ko ruwan ƙasa, ko take fizge-fizge. Waɗannan asibiti za a nufa nan take. In kuma ta fara dalalar da miyau, halinta ya canza, tana kai cizo ba dalili, a killace ta kada yara su taɓa, don kyanwa ma tana ɗaukar cutar haukan kare.

In ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, to akwai sararin bin abu daki-daki.

Gwaje-gwajen farko su ne mafi araha, kuma su suka fi ba da labari. Likita ya duba ta da hannu sosai: baki, dasashi, ciki, ƙodoji, zafin jiki. Zafin lafiyayyar kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39.2, ya ɗara na mutum, don haka kada ka ga 38.5 ka ce zazzaɓi ne. Sai awon yawan jini da ake kira PCV, wanda ya kamata ya faɗo tsakanin kashi 30 da 45 cikin ɗari, tare da shafa jinin a gilashi a duba ƙwayoyin cutar da ƙuma ke yaɗawa. Sai gwajin kashinta, don tsutsa. Sai fitsari, wanda mutane suka fi rainawa alhali ya fi gwaje-gwaje masu tsada da yawa amfani. Idan kaurin fitsarin ya haura 1.035, da wuya a ce ƙoda ce ta gaza. Bayan waɗannan ne ake zuwa gwajin jini na hanta da ƙoda, da gwajin FIV da FeLV, cututtuka biyu masu karya garkuwar jiki, musamman ga muzurun da ke yawon dare yana faɗa. Hoton ciki ya zo daga baya, sai fa in likita ya taɓa ya ji wani kumburi ko yana zargin ta haɗiyi wani abu.

Wani abin kula da ke ceton kuɗi: a ɗibi jini da fitsari kafin a saka mata ƙarin ruwa, kafin kuma a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙarin ruwa yana tsinka fitsari, sai awon ya zama ba shi da ma'ana, ka sake biya.

A kan kowane gwaji da aka kawo maka, tambaya ɗaya ce a ganina ta fi kowace daraja: "Likita, idan sakamakon ya fito haka ko haka, me zai canza a maganin da za a ba ta?" Idan amsar ita ce ba abin da zai canza, gwajin zai iya jira. Idan kuwa shi zai raba tsakanin tiyata da ƙwaya, to a yi shi yau ko da za a fasa wasu biyu. Ka kuma nemi ya lissafa maka cututtuka uku da ya fi zargi, daga wadda ta fi yiwuwa, da abin da maganin kowace zai ci. Babu amfanin kashe duk abin da ke hannunka wajen gano sunan ciwo, sannan a zo magani aljihu ya bushe. Faɗi iyakar ƙarfinka tun ranar farko, ba kunya a ciki. Likitan da ya san abin da kake da shi zai tsara aikinsa a kai.

Sakamakon gwaji ma yana ruɗi, kuma nan ne mutane ke karaya. Sukarin jinin kyanwa yana tashi don tsoro kawai. An saka ta a kwali, an ɗora a babur, an danne ta a tebur, awon na iya hawa, wannan kaɗai bai nuna ciwon sukari ba. Sinadarin kiriyatinin da ake auna ƙoda da shi yana hawa idan jikinta ya bushe da rashin ruwa, ya sauka bayan an ƙara mata. A ɗaya gefen kuma, ba ya tashi sosai sai kusan kashi 75 cikin ɗari na aikin ƙodar ya tafi, don haka fitowarsa daidai ba ta wanke ƙoda gaba ɗaya ba. Gwajin FeLV da ya nuna akwai cutar ana maimaita shi bayan kamar wata guda kafin a yanke hukunci. Ita kuwa cutar FIP, wadda kan tara ruwa mai yauƙi ruwan ɗorawa a ciki ko ƙirjin ƙananan kyanwoyi, babu gwajin jini guda da ke tabbatar da ita, haɗa alamomi ake yi. A da hukuncin mutuwa ce, yanzu akwai maganin GS-441524 da aka saba bayarwa na kwana 84, sai dai yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba.

Sai batun allurar deksametazon da danginta, masu rage kumburi a jiki. Tana sa kyanwa ta miƙe ta ci abinci cikin kwana guda, mai ita ya yi murna. Amma tana rufe alamun wasu cututtukan, musamman sankarar hanji, ta yadda gwajin da za a yi daga baya zai iya kasa nuna cutar. Ba a ce kada a yi ta ba, a dai tambaya ko akwai samfurin da ya kamata a ɗauka kafin a yi.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo shi ne littafin da za ka ajiye a gida. Kullum ka rubuta abin da ta ci, ruwan da ta sha, sau nawa ta yi amai, da kalar kashinta. Auna ruwan da kofi mai lamba: kyanwa mai kilo 4 tana buƙatar kamar mililita 200 a yini, har da wanda ke cikin abinci, in ta kai 400 to alama ce babba ta ƙoda ko sukari. Auna nauyinta sau biyu a mako, a cikin kwando, a kan sikeli ɗaya. Giram 200 a jikin mai kilo 4 kashi 5 cikin ɗari ne na nauyinta, kuma ido ba zai gani ba saboda gashi. Idan tana barci, ƙirga ɗagawar ƙirjinta na daƙiƙa 30 ka ninka biyu, in kullum yana wuce 30 a minti a sanar da likita. Ka ɗauki bidiyo da waya idan tana kakari, domin tari da yunƙurin amai suna kama da juna a kyanwa, hanyar bincikensu kuma daban.

Duk wannan jiran, cin abinci ne abin da ba ya jira. Kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yana taruwa a hantarta, idanu da cikin kunne su yi ɗorawa, sai ga sabon ciwo a kan na farko, wanda jinyarsa ta fi tsada. A dafa kaza ko kifi ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, ba dunƙule, domin albasa da tafarnuwa suna fasa mata ƙwayoyin jini. A ba ta da ɗan ɗumi don ƙamshin ya tashi, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, a goge mata hanci in ya toshe, don kyanwar da ba ta jin ƙamshi ba ta ci. Ɗura da sirinji da ƙarfi yana iya sa abinci ya faɗa huhu, ya kuma sa ta tsani abincin. In ta ƙi sam, a tambayi likita maganin tsayar da tashin zuciya ko a saka mata bututun ciyarwa.

Lokacin da kuɗi suka yi ƙasa ne zuciya ke raya wa mutum ya leƙa kemis. Don Allah kada a yi. Farasitamol ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya narkar da shi: fuska da tafin ƙafa su kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ibufurofen da dikulofenak suna lalata ƙoda da ciki. Maganin kaskar kare da aka rubuta permethrin a jikinsa yana sa ta karkarwa da fizge-fizge. Ko maganin da likita ya rubuta yana da ƙa'ida: ƙwayar dokisisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ta maƙale a maƙoshi tana ƙona shi, don haka a bi ta da ruwa kamar mililita 5 ko ɗan abinci.

Idan an yi mako biyu ana magani, nauyi na ci gaba da sauka, lokacin neman ido na biyu ya yi. Asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, suna da ɗakin gwaji da likitoci a fannoni daban-daban. Kafin tafiya ka karɓi kwafin kowane sakamako mai kwanan wata, da sunan kowace allura da adadin da aka yi mata, ka haɗa da littafinka. Ka kira tukuna ka ji ko suna so a hana ta abinci kafin ɗibar jini. A ɗauke ta da sassafe kafin rana ta yi zafi, a cikin kwando mai murfi da iska ke shiga, a shimfiɗa mata tsumman da ta saba kwanciya a kai.