Garin Neman Gira: Wasiƙa Daga Hamburg Zuwa Ga Masu Hoton Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ina gaida mutanen Argungu da Birnin Kebbi da Jega da Yauri da Zuru, musamman abokan tsohuwar sana'ata masu ɗaukar hoto. Ya hazo, ya ɗari? Mu ma nan Hamburg muna cikin namu sanyin, mai shiga har ɓargo, sai dai shi ba ya zuwa da ƙura.

Ɗan yayata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya ya turo mini hotunan walimar abokinsa ta WhatsApp: kowace fitila ta yi jela, fuskokin mutane kuwa kamar an ɗauke su ta cikin hayaƙin murhu. Ya biyo da saƙon murya, "Kawu, kyamarar wayag ga ta mutu, a taimaka mini da wata." Na ce ya ari wayar ƙanwarsa ya kira ni ta bidiyo, ya nuna mini bayan tasa. Kafin in rufe baki ya hura wa gilashin numfashi, ya kama bakin rigarsa ya murza da ƙarfi. Sai da gabana ya faɗi, don ni ma na taɓa yin haka, kuma na ga abin da ya biyo baya.

Lokacin ina yaron shagon hoto a Argungu ne, zamanin fim. Ranar babban su na bikin kamun kifi, maigidana ya rataya mini kyamararsa mafi tsada a wuya, ya ce in riƙe masa ya je ya dawo. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbin Matan Fada a wannan safiya ya san yadda abin yake. Ana ba da alama dubban masunta suka rugo da homa da gora, ƙura ta turnuƙe, suka faɗa ruwa, laka ta fantsamo har inda muke. Na duba idon kyamara na ga ɗigon laka uku da shatin babban yatsana, don ban daɗe da cin soyayyen kifi ba. Tsoron faɗa ya sa na kama bakin riga na goge, na sake gogewa har ya yi ƙyalli. Da maigida ya dawo ya karkata gilashin ga rana, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, mi ka yi? Wanga ido na, ba tagar mota ba." Bai dake ni ba. Amma daga ranar duk hoton da aka ɗauka da gilashin nan ana fuskantar haske sai ya fito fari-fari kamar an zuba masa nono, kuma na shekara bai sake barina na taɓa kyamara ba.

Yau a shagon haya da gyaran kyamarori nake aiki, kuma shekarata ta farko ba abin da aka ba ni sai tsabtace gilasan da masu haya suka maido. A nan na gane abin da nake so ku riƙe: da wuya shatin yatsa ya kashe gilashi, gogewa ce ke kashe shi.

Ga dalili. Ku karkata idon kyamararku ga haske, za ku ga yana walƙiyar kore ko shunayya. Ba launin gilashin ba ne, wani shafi ne da aka yi masa. Gilashi tsirara yana maido da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa wa kowace fuskarsa, kuma idon kyamara ɗaya gilasai ne da yawa a jere. In fuskokin sun kai 20, fiye da rabin hasken ya salwanta ke nan kafin ya isa ciki, wanda ya ɓace ɗin kuma yana ta kai-komo yana dusashe hoto. A shekarar 1935 wani masani ɗan Yukren, Alexander Smakula, da ke aiki a kamfanin Zeiss a garin Jena nan Jamus, ya samo hanyar shafa wa gilashi abin da ke rage wannan asara, har aka ɓoye fasahar da farko a matsayin sirrin soja. Kaurin shafin kusan kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita ne. Sai ka jera ɗaruruwansa kafin su kai kaurin silin gashi. To wannan ne muke murza da bakin shadda mai sitati.

Ita rigar ma da sauƙi, abin da ke jikinta ne matsalar. Akwai ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u ne a 10. Gilashi yana tsakanin 5 da 6. Ƙwayar rairayi, wadda masana ke kira kwaz, tana 7, wato tana kartar gilashi, shi ba ya kartarta. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba har wajen Maris kuwa ƙasa ce iska ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe, kuma tana ɗauke da wannan rairayin niƙaƙƙe kamar gari. In ya sauka kan gilashi ya haɗu da maiƙon yatsa, ka ɗora ƙyalle ka danna, ka haɗa abin da masu fenti ke kankare ƙofa da shi ke nan.

Abin dariya, ƙurar nan takan biyo ni har nan. Wasu lokuta iska kan kawo ƙurar Sahara Turai, a wayi gari motoci sun yi ja. Sai ka ji rediyo na ta gargaɗi kada kowa ya goge motarsa a bushe, a fara kwarara mata ruwa. Ƙurar kwana biyu ke nan, a kan fentin mota. Mu da ke kwana cikinta wata huɗu, mu ne ke goge gilashin da muka sayar da rago muka saya da hankicin share gumi.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: ƙura tukuna, maiƙo daga baya. Ka wanke hannu, musamman a hunturu da kowa ke shafe da basilin ko man kaɗe. Ka shiga ɗaki, ka kashe fanka. Ka kifa gilashin yana kallon ƙasa, ka hura masa iska da 'yar robar matsawa don abin da ya tashi ya faɗo. In ba ka da ta masu hoto, robar tsotse majinar jarirai da ake sayarwa a kemis tana yi, amma sabuwa, ba wadda maman yara ta gama aiki da ita ba. Kada ka hura da baki, yawu ne zai biyo. Abin da ya ƙi tashi ka kaɗe shi da buroshi mai laushi, ko da irin na hodar mata ne, in dai sabo ne, an wanke shi ya bushe, kuma ba ka taɓa bakinsa da yatsa.

Sai ka haska tocila daga gefe. In babu sauran ƙwaya, yanzu ne lokacin ƙyalle. Irin ɗan ƙyallen nan mai santsi da masu sayar da tabarau ke bayarwa shi ne daidai. Ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan goge gilashi a kan ƙyallen, ba a kan gilashin ba, don wanda aka ɗiga kai tsaye yakan gangara gefe ya shige ciki, inda hannunka ba ya kaiwa. Ka fara daga tsakiya, kana zagayawa a hankali zuwa baki, da nauyin da za ka share wa jariri kwantsa. Ka sauya wuri a ƙyallen ka bi da busasshe. In shatin bai fita duka ba, ka sake da wani gefe mai tsabta. Sau uku a hankali ya fi sau ɗaya da ƙarfi.

Ƙyallen nan fa shi ma sai an kula da shi. Wanda ya kwana a aljihu tare da goro da makulli ya zama rigar da muke gudu. A sa shi a 'yar leda mai zif, a riƙa wanke shi da ɗan sabulun ruwa marar turare, a ɗauraye sosai, a shanya cikin ɗaki.

Masu zuwa bikin su ko Rigata, bikin wasan kwale-kwale a Yauri, ga taku: in ruwan gulbi ya fantsamo, laka ce, kuma laka rairayi ne. Kada a ja ƙyalle a kai. A jiƙa gefensa da tataccen ruwa, a ɗora a ɗaga, a ɗora a ɗaga, har ta saki. Tataccen ruwa mafi sauƙin samu a gida shi ne ruwan haɗa allura na kemis, ba na gishiri ba. Kada wani ya je ya sayo ruwan batir, akwai mai asid a cikinsu.

Wani abokina mai ɗaukar bukukuwa a Birnin Kebbi ya taɓa turo mini hoton gilashinsa bayan ya bi shawarar wani bidiyo ya shafa masa makilin wai don ya cire karce. Tsakiyar ta yi fari fat, shafin ya tafi. Makilin ai da gangan aka zuba masa gari mai kankara don ya kankare haƙori. Garin neman gira ke nan, aka rasa ido. Haka ruwan goge tagogi, da fetur, da tina, da abin cire jan farce: wasu na cin shafin, wasu na narka roba da fentin gefe. Man tsabtace hannu da muka saba da shi lokacin korona yana barin danƙo. Tishu da takardar jarida daga itace aka yi su, suna barin gashi, suna kuma jan ƙura. Sifirit na kemis ban yarda da shi ba, don ba kowace kwalba ce ka san abin da aka gauraya mata ba. Wanda muke amfani da shi a shago sunansa isofurofil, mai kashi 99, kuma shi ma ɗigo ne.

Akwai kuma ciwon yawan gogewa, wanda na fi gani wurin sababbin shiga. 'Yar ƙura biyu uku a gilashin gaba ba ta fitowa a hoto ko kaɗan, ka hure ka wuce. Maiƙo ne ba a bari ya kwana, domin shi ke watsa haske, kuma gumin da ke cikinsa in ya daɗe yana iya barin tabo. Gilashin baya, wanda ke shiga jikin kyamara, ya fi na gaba saurin nuna datti, a riƙa duba shi. In kuwa baƙin ɗigo kake gani wuri ɗaya a kowane hoto, musamman a sararin sama, ba gilashi ba ne, ƙura ce a kan sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Ko ka kwana kana goge gaba ba zai tafi ba, kai wa mai gyara.

Ni dai a ƙasa irin tamu ba zan fita da gilashi ba filta a gabansa ba, wato siririn gilashin kariya da ake ɗaura wa bakinsa. Nan akwai masu gardamar cewa filta na rage kyawun hoto, kuma gaskiya ne in mai arha ce. Amma su ba su taɓa tsayawa gaban dawaki ranar hawan salla ba, ko cikin ɗakin amarya da hayaƙin turaren wuta ke manne wa komai. Filta in ta karce a kwance ta a sa wata. Murfi kuma a mayar da shi da zarar an sauke kyamara. Da damina, kada a rufe kaya da danshi a jaka, fumfuna na tsirowa cikin gilashi kamar saƙar gizo. 'Yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi suna shan danshi, a tara su a roba mai murfi tare da kayan.

Na dawo kanka, ɗan yayata. Gilashin bayan waya ya fi na kyamara juriya, wasu kamfanoni ma da yaƙutun da ke 9 a ma'aunin Mohs suke rufe shi, shi ya sa taka ta jure murzar da kake mata. Amma kullum yatsa na kansa. Jelar da fitilu suka yi a hotunanka maiƙo ne da rigar ta shimfiɗa maimakon ta kwashe. Ka cire rigar wayar, ka hure ƙurar da ta taru a zoben kyamarar, ka goge da ƙyallen tabarau, ka ɗauki fitilar ƙofar gida da dare ka turo mini. In har jelar na nan, sai mu yi maganar sabuwa.

Akwai wanda zai taho gida bayan azumi in Allah ya kai mu. Zan ba shi robar hura iska da ƙyallaye, a kai wa tsohon maigidana nasa kafin a raba sauran. A gaida Inna, a ce mata na ga saƙon yajin.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Argungu, mazaunin Hamburg.