Ebola a kanun labarai, zazzaɓin cizon sauro a gidajenmu

Har yanzu ina tuna irin firgicin da ya kama mu a 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas. Rediyo da jaridu ba su da zance sai nata, mutane suka daina musabaha, wasu har da wanka da ruwan gishiri cikin dare saboda jita-jitar da ta bazu ta waya. Tsoron yana da dalili, domin a Gini da Laberiya da Saliyo ta kashe fiye da mutum 11,000, amma a Najeriya mutum 20 suka kamu, takwas suka rasu.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kashe kimanin mutum 600,000 a 2022, kusan kashi ɗaya cikin uku a Najeriya, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan mutuwa tana zuwa ɗaiɗai ne, gida-gida, shi ya sa ɗan jarida ba ya ganin labari a cikinta. Haka hawan jini yake, wanda mutane da yawa ba sa sanin suna da shi sai ya kai su ga shanyewar ɓarin jiki.