Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Jini Ya Tsaya, Yaro Bai Murmure Ba

Makon jiya na tsaya a daren da muka baro Tawa, bayan wanzami ya yi wa Auta kaciya jini ya kwana uku yana ɗiga. A Yamai likita ya faɗa mana sunan ciwon, hemofiliya. Cikin sinadaran da ke daskarar da jini, wanda ake kira fakta na 8 ne ya yi wa Auta ƙaranci. Aka yi masa allurarsa ta jijiya, jini ya tsaya. A kan simintin asibitin na yi sujada.

Ashe da sauran rina a kaba.

Wata biyu yaro bai murmure ba. Daga ɗaki zuwa bakin randa sai ya yi haki. Na ja fatar idonsa ta ƙasa, fari fat kamar auduga. Kakarsa ta ce shawara ce, har ta jiƙa saiwa. Muka koma awo, aka ce emogulobin ɗinsa, sinadarin da ke sa jini ja, 7 ne, alhali yaro sa'arsa bai kamata ya gaza 11 ba.

"Malama," in ji likita, "allurar nan ɓaraka take toshewa, ba ta mayar da abin da ya zube." Ya ce da jinin sinadarin ƙarfe ya tafi, feritin kuwa, rumbun da jiki ke ajiye shi, ya zama wayam. Ya rubuta ƙwayar ƙarfe ta wata 3, ya ce kar in tsorata in bayan gida ya yi baƙi. Abinci kuwa, hanta, wake, zogale. Ya hana asfirin da ibufurofen, sai farasetamol. Ya kuma hana shayi kan abinci, wai yana tare ƙarfen. A gidan da butar shayi ba ta sauka daga gawayi! Da babansa muka fi yin rigimar, ba da yaron ba.

Ya gargaɗe mu cewa wajen 3 cikin 10 na masu hemofiliya mai tsanani irin ta Auta, jikinsu kan ƙera garkuwar da ke kashe ƙarfin allurar fakta, don haka za a riƙa aunawa.

Har na ɗauki jakata, sai ya ce, "A ɗakinku, akwai namijin da jini ya taɓa ƙi tsaya masa?" Ta wajen uwa ciwon ke bi zuwa ga ƴaƴa maza. Gabana ya faɗi. Na tuna yayana da Inna ba ta son a ambata, wanda bai fito daga ɗakin kaciya ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.