Talata, rigimar kwanakin busarwa

Cunkoson Ɗan Agundi ya cinye min rabin safiya kafin in isa Sharaɗa. Shayi kawai na kurɓa a bakin get.

Yau muka zauna kan jadawalin tsayar da aiki na hutun Babbar Sallah. Tanderun gasa ƙarfe ya daɗe yana nuna mana alama. Da na bi jikinsa da na'urar auna zafi makon jiya, gefen ƙofar da ƙarfe ke fitowa ya fi ko'ina zafi, fentin wurin har ya ƙone ya yi furfura. Bulon ciki ya zaizaye ke nan, wutar da ke kaiwa digiri 1,200 ta fara neman hanyar waje.

Komai ya tafi daidai har muka zo kan busarwa, wato kwanakin da sabon ginin da za a yi a cikin tanderun zai ɗauka yana bushewa kafin a koma aiki. Oga ya ɗora biro a kan layin ya ce, "Injiniya, kwanakin nan naka sun yi yawa. Ana gama gini a kunna wuta, kwastomomi na jira."

Na ce, "Ranka ya daɗe, simintin nan da ruwa ake kwaɓa shi. Sai an bar shi aƙalla awa 24 ya kama jikinsa, sannan a sa wuta kaɗan-kaɗan. A tsaya wajen digiri 110 zuwa 150 ruwan da ke kwance ya fita, a hau a hankali, a sake tsayawa wajen 350 saboda ruwan da ya haɗe da simintin kansa. In aka yi gaggawa, tururi ne zai rasa mafita ya tarwatsa ginin daga ciki."

Ya ce wai ai a wani kamfani ba sa ɓata wannan lokacin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba magini, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba, ya gyara hula ya ce, "Yallaɓai, ni na taɓa ganin rufin tanderu ya rufto saboda haka. Ƙararsa kamar an harba bindiga." Ɗakin ya yi tsit, amma Oga bai ce ya yarda ba. Ya ce za a duba.

Wannan "za a duba" ɗin ne ya tsaya min a rai. Har yanzu ba a ba da odar bulon ba, kuma daga waje yake zuwa, sai ya sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa ya yi zamansa kafin a ɗoro shi a tirela. Buhunan simintin da ke sito ma na leƙa, biyu na sa hannu na ji sun yi ƙulluttai, danshin daminar bara ya shige su. Waɗannan sun tashi aiki. Ga huce tanderun ma kansa ba a hanzarta shi, in ka buɗe ƙofofi iska ta buge shi bulo mai lafiya ma tsagewa zai yi. Su kuma yaran da za su shiga ciki su fasa tsohon gini, takunkumin ƙura na kirki nake so a saya musu, ba ƙyallen bara ba.

Azahar a masallacin kamfani. Shinkafa da wake wajen Hajiya, manja ya yi yawa.

Da daddare Maman yara na ta lissafin kuɗin rago da ɗinkin Sallah, ni kuma ina ta "to, to". Ta gane hankalina ba ya wurin, ta yi fushi, kuma da gaskiyarta.

Gobe zan kai wa Oga takardar busarwa da masu simintin suka bayar, in roƙe shi ya sa hannu a kai kafin ya tafi Legas.