Wankin kafet: abin da ake yi a gida da abin da ake bar wa masu inji

Kafet ɗin da aka wanke da omo, in aka shafa shi da tafin hannu bayan ya bushe, za a ji gashinsa ya yi ƙarfi-ƙarfi ko ɗan danƙo. Sauran sabulu ne da ɗauraya ba ta fitar ba. Shi ya sa yakan dawo gida fes, amma kafin wata ya zagayo hanyar da ake bi daga ƙofa zuwa kujera ta yi baƙi fiye da da, domin busasshen sabulun nan kama ƙura yake yi. A wajen wanki, abu biyu ke yawan kashe kafet da wuri: sabulun da ya yi yawa, da ruwan da aka zuba ba a zuƙe ba.

Kafin a ɗiga masa ko ɗigon ruwa, a juya shi a duba takardar da ke manne a bayansa. Galibin na kasuwanninmu saƙar inji ne, da yawa daga Turkiyya, inda garin Gaziantep ya yi suna da masana'antun kafet, kuma zarensu na roba ne. Za a ga an rubuta polypropylene ko PP. Wannan zare ba ya shan ruwa, don haka shayi da zoɓo ba sa kama shi sosai, amma abokin maiƙo ne, manja in ya shige shi sai an yi da gaske. Yana kuma narkewa a wajen digiri 160, garwashi ɗaya da ya faɗo daga kaskon turaren wuta ya isa ya bar rami. Na ulu kuwa, irin dardumar Iran ta saƙar hannu, ba ya jure ruwan zafi, ko bilic, ko kanwa, ko omo mai ƙarfi. Akwai kuma mai sheƙin nan kamar siliki da ake rubuta wa viscose, wanda ruwa kaɗai kan sa shi ya yi rawaya ya sandare. In takardar ta ɓace, a zaro zare ɗaya daga gefe a kanga masa ashana: ulu zai yi ƙaurin gashi ya zama toka, roba za ta narke ta dunƙule, viscose kuma ƙaurin takarda yake yi.

A duba bayan ma. In an ga zare mai launin ƙasa irin na tsohon buhun gyaɗa, to in ya sha ruwa da yawa motsewa yake yi, gefuna su tattare, launin ƙasan nan kuma ya hauro saman kafet ya yi jirwaye yayin bushewa.

Mafi yawan daudar kafet busasshiya ce, ƙura da yashi, musamman da hunturu. Yashin yakan nutse gindin zare, duk takun da aka yi sai ya goge shi, har wurin ya dushe ya daina sheƙi, kuma babu wankin da ke dawo da wannan. Mai injin zuƙar ƙura ya bi falo sau biyu a mako, a hankali, gaba da baya, ya kuma zubar da jakar tun ba ta cika ba, don in ta cika ƙarfin zuƙar raguwa yake yi. Inda babu inji ko babu wuta, tsintsiyar laushi ta wadatar, a bi kwancin gashin. Kada dai a yayyafa ruwa kafin shara yadda ake yi wa siminti. A kan kafet ƙurar taɓo take zama ta manne. Duk wata a fitar da wanda ke ɗaguwa, a rataya shi a kan katanga ko igiya mai ƙarfi, a bubbuge shi ta baya da sanda. Yashin da zai zubo sai ya ba mutum mamaki.

Tabo kuwa, saurin kai masa hannu shi ne rabin magani. A danna farin ƙyalle ko tawul a kai ya tsotse, ba a dirzawa, dirza tana baza tabon tana kuma tsefe zaren. A faro daga gefen tabon a nufi tsakiya. Haɗin da ke yi wa yawancin tabo aiki shi ne rubu'in cokalin shayi na sabulun wanke-wanke na ruwa a cikin kofi ɗaya na ruwan ɗumi. Rubu'in cokali, ba cikin tafi ba. A jiƙa ƙyalle da shi a riƙa dannawa, sannan a bi da ruwa zalla har sau biyu.

Manja da man miya a fara kwashe su da bayan cokali, a barbaɗa garin sitaci ko bekin soda ya kwana ya sha man, a share, sannan a zo kan sabulu. Shayi da zoɓo a bi su da ruwan khal fari, kashi ɗaya a cikin kashi biyu na ruwa. Jini ruwan sanyi kawai, mai zafi dafa shi yake yi ya kama. Cingam a ɗora masa ƙanƙara a leda har ya daskare a ɓamɓare. Lalle rini ne, in ya bushe a kan ulu ko nailan da wuya ya fita duka, kuma duk mai wankin da ya yi alkawarin zai fitar da shi tas, a sa masa ido.

Fitsarin yara shi ya fi wahalar da uwargida, don abin da ake gani a sama kaɗan ne, sauran ya ratsa har bayan kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, inda yake faɗaɗa. A ninka tawul a shimfiɗa, a hau kansa da ƙafa a tsaya, a canza wani, har ya daina jiƙewa. Sannan a zuba ruwa kofi ɗaya, a sake tsotsewa, a maimaita sau uku ko huɗu. Ruwan khal rabi da rabi da ruwa yana kashe zarni. Amma tunda a kan shimfiɗun nan ake salla, a lura cewa a mazhabar Malikiyya ruwa zalla, wanda wani abu bai canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba, shi ke kawar da hukuncin najasa. Don haka ɗauraya ta ƙarshe ta zama ta ruwa tsantsa. Bilic irin su Hypo kada ya kusanci fitsari, kada kuma a haɗa shi da khal, duka biyun iska mai guba suke fitarwa. In an gama, a ɗora busasshen tawul a danne shi da abu mai nauyi ya kwana. In ba haka ba, danshin da ke ƙasa zai hauro da sauran daudar, gobe a tarar da tabon ya dawo.

Babban wanki kamfanonin da ke ƙera kafet sukan ce a yi shi duk wata 12 zuwa 18. Gida mai ƙananan yara, ko falon da baƙi ba sa yankewa, ko masallaci, ba za su jira haka ba. Lokacinsa mafi kyau shi ne bayan ƙurar hunturu ta kwanta, wajen Maris da Afrilu, sa'ad da iska ke bushe. Wankin kafet a watan Agusta neman fumfuna ne, don kafet da ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu a jiƙe ya fara warin ruma. Ana gab da salla ma ba lokaci ba ne: aiki ya yi wa masu wanki yawa, sai a naɗo maka shi sama a bushe, ƙasa da lema.

Mutane da yawa wajen wankin mota suke kai nasu, kuma ga kafet na roba mai ɗaguwa babu laifi, muddin an kakkaɓe shi tukuna, an nisanta bakin injin feshi daga zaren, an rage sabulu, an ɗauraye har ruwa ya fito garau ba kumfa, an kuma tsane shi da katako ko roba ta bin kwancin gashi. A shanya shi bayansa na kallon rana, don fuskar kada ta koɗe. Ulu da viscose ba na can ba ne.

Wanda aka shimfiɗe bango zuwa bango sai an kira masu inji gida, kuma injinan ba ɗaya ba ne. Akwai mai burushi mai juyawa da ke tayar da kumfa, aikinsa na burge ido amma sabulun a ciki yake zama. Wanda ake so shi ne mai fesa ruwan ɗumi yana zuƙe shi nan take zuwa wani tanki daban. Mai sana'ar kirki zai fara da zuƙe busasshiyar ƙura, ya gwada maganinsa a lungu da farin ƙyalle ya ga ko launi na zuba, ya fesa maganin ya bar shi kamar minti 10, ya bi da burushi, sannan ya ɗauraye da inji. Duk layin da ya fesa wa ruwa zai sake binsa sau ɗaya ko biyu da zuƙa kawai. Wanda ya shigo ya fara da kwarara ruwa, a dakatar da shi tun daga nan.

A yi ciniki a kan murabba'in mita, a kuma auna da kai kafin su zo: falo mai mita 4 da 5 murabba'in mita 20 ne. A tsayar da magana a kan wanda zai kawo janareta da ruwa da wanda zai ɗaga kujeru. A ɗauki hoton tsofaffin tabo da ƙonewa a gabansu, don kada a yi musu daga baya. In sun gama, a leƙa tankin dauda, ya kamata ruwan da ya dawo ya yi kusa da wanda aka zuba. A danna farin tawul a kan kafet: ɗan sanyi-sanyi ake so, in ya jiƙe sharkaf su sake bi da zuƙa. Ƙanshin da suke fesawa a ƙarshe kada ya ruɗi kowa, bayan kafet ya bushe a rufe ɗakin ya kwana, da safe hanci zai faɗi gaskiya.

A buɗe tagogi a kunna fanka, cikin awa 6 zuwa 12 ya kamata ya bushe. In dole ne a mayar da kujeru kafin nan, a yanka leda a sa ƙarƙashin kowace ƙafa, don ta ƙarfe tsatsa take bari, ta katako kuma fentinta ke zuba a kan zare mai lema, kuma tabon biyun nan sun fi wanda aka kira masu wankin dominsa wuyar fita.