Godiya ga waɗanda suka cika mana kantar ƙananan littattafai

Assalamu alaikum. Kwamitin ɗakin karatu na unguwarmu yana miƙa godiya ga iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa da suka amsa kira wajen tara ƙananan littattafan share fagen ilimi. Alhamdulillahi, aiki ya kammala, kanta ta tsaya a hannun dama da an shigo ƙofa, har an fara ba da aro.

Akasarin abin da aka samu daga jerin Very Short Introductions ne, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta Ingila ta fara fitarwa a 1995, yanzu ya haura littafi 700. Kowanne ƙwararre a fanninsa ne ya rubuta shi, shafukansa wajen 150, yana shiga aljihun kaftani. Ƙannenmu ɗalibai, ku lura: ba littattafan manhajar WAEC ko JAMB ba ne, Turancinsu ma yana son ƙamus a kusa. Amfaninsu shi ne mai tunanin karanta shari'a ko tattalin arziki ya ɗanɗana fannin cikin sati guda kafin ya cike fom. A duba jerin littattafan ƙarin karatu da ke ƙarshen kowanne, nan hanyar ci gaba take.

Malaman da suka zauna tantancewa, Allah ya ƙara basira. Su suka bi bayan shafin take ɗaya bayan ɗaya suna duba shekarar bugu. Tsohon bugu a falsafa ko tarihin Rumawa bai da laifi, amma na sauyin yanayi da na kwamfuta saurin tsufa suke, shi ya sa aka liƙa musu jar takarda don mai aro ya sani.

Matasan da suka yi rajista sun sha aiki. Kowane littafi ya samu lamba a babbar rajista, da hatimi wuri uku: shafin take, bakin shafuka in an rufe littafin, da wani shafi na ciki. An jera su bisa tsarin Dewey, wato tsarin ɗakunan karatu da ke ba kowane fanni lambarsa: falsafa a 100, addini a 200, tattalin arziki a 330, shari'a a 340, lissafi a 510, likitanci a 610, tarihin Afirka a 960. Amma da gangan aka tara su a kanta ɗaya. Siririn littafi in ya shiga tsakanin manya sai ya zame baya, a yi wata ana cewa ya ɓata alhali yana nan kwance cikin ƙura.

Godiya ta musamman ga kafintan da ya ƙi karɓar ladan hannunsa. Ya ɗaga kantar taƙi guda daga ƙasa, ya janye ta daga jikin bango saboda gara da danshin damina, ya kuma sa katako a baya.

Ga roƙonmu ga masu aro. Waɗannan littattafai da gam aka manne shafukansu, ba ɗinki. In aka naɗe bango baya, ko aka bar littafi a cikin mota da rana, ko iskar hunturu ta busar da gam ɗin, sai ya tsage, shafuka su fara zubowa. Wanda haka ta same shi kada ya sa salatif, domin yana yin rawaya ya ci takarda. Ya dawo da shi yadda yake, a shafa farin gam, a danne da nauyi ya kwana. Aro littafi biyu ne, na sati biyu, ana iya sabuntawa sau ɗaya in babu mai jira.

Har yanzu ɓangaren noma, lamba 630, bai cika ba, mai hali ya taimaka. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa a mizani, amin.

Kwamitin ɗakin karatu