Godiya Bayan Fitarmu da Baba Zuwa Gidan Ringling

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tashi kafaɗun mahaifinmu daga aikin gwiwa da aka yi masa, na ga ya wajaba in fito fili in gode wa waɗanda suka tsaya mana har muka fita da shi ranar Asabar da ta wuce, wadda ita ce fitarsa ta farko cikin wata huɗu da ba asibiti aka nufa ba. Mun tashi daga Tampa, a jihar Florida ta Amurka, da hantsi, muka yi tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci zuwa Sarasota, inda gidan tarihin Ringling yake a bakin ruwa, a kan fili mai faɗin eka 66.

Godiya ta farko ta mijin ƙanwata ce, domin shi ya kawo shawarar, shi kuma ya dage a kanta lokacin da ni kaina nake ganin wahalar za ta fi daɗin yawa. Hujjarsa ita ce Baba ya yi shekara talatin yana aikin reluwe tsakanin Zariya da Kaduna, kuma akwai abin da zai gani a wurin wanda zai mantar da shi ciwon ƙafa. Gaskiyarsa kuwa. Mai gidan, John Ringling, ɗaya ne daga cikin 'yan'uwa biyar da suka kafa ƙungiyar wasan sakas a 1884 a jihar Wisconsin. Wasa ne na yawo gari-gari da giwaye da zakuna da masu tafiya a kan igiya, kamar dai a ce gardawanmu masu wasa da kura sun yi arziki har sun mallaki jirgin ƙasa nasu na kansu. A 1907 suka sayi babbar abokiyar gasarsu, Barnum & Bailey, a 1927 kuma John ya mayar da masaukin ƙungiyar na lokacin sanyi zuwa Sarasota.

A ɓangaren tarihin wannan wasa, wanda aka buɗe a 1948, akwai taragon da John da matarsa Mable suke tafiya a ciki, mai suna Wisconsin, ƙirar kamfanin Pullman ta 1905. Baba ya sa aka tsayar da kekensa a gefensa, ya yi ta duba ƙafafun da mahaɗar, yana yi wa jikokinsa bayanin yadda ake haɗa tarago da tarago, da muryar da rabonmu da jin ta tun kafin ya kwanta. Daga nan muka shiga zauren da aka shimfiɗa ƙaramin samfurin sansanin wasan gaba ɗaya, aikin wani mutum mai suna Howard Tibbals, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana sassaƙa shi, kuma guntayensa sun haura 40,000. Ga tantuna, ga madafa, ga dawaki, ga ma'aikata suna sauke kaya daga taragu da asuba. Abin da ya ɗaure wa Baba kai shi ne a ce duk wannan gari ana kafa shi da safe, a yi wasa, a naɗe shi da dare, a wayi gari a wata tashar. Ya ce wanda ya tsara lodin jirgin ya fi mai wasa da zaki cancantar tafi, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Mun yi fiye da sa'a ɗaya a wannan zaure kaɗai.

Ina kuma miƙa godiya ga wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai a wurin, wadda ban ma tambayi sunanta ba, abin da nake jin kunyarsa har yanzu. Ita ta nuna mana hanyar da keke zai bi ba tare da matakala ba, ta kuma jira ina fassara wa Baba da Inna kowace jimla ba tare da ta nuna ƙosawa ba. Daga bakinta muka ji cewa sunan gidan da John da Mable suka zauna a cikin harabar, Ca' d'Zan, yana nufin Gidan John a harshen mutanen Venis ta Italiya, cewa an gina shi daga 1924 zuwa 1926 bisa fasalin fadojin wancan birni, kuma yana da ɗaki 56. Mable, wadda ita ta tsaya a kan ginin tun daga zane har zuwa launin tayil, shekara uku kawai ta yi a cikinsa ta rasu a 1929. Da Inna ta ji haka sai ta yi salati, ta yi shiru. John ya bi ta a 1936, bayan karayar tattalin arzikin Amurka ta cinye mafi yawan dukiyarsa, amma ya bar wasiyyar gidan da zane-zanensa ga al'ummar jihar Florida. Tun shekarar 2000 Jami'ar Jihar Florida ce ke kula da wurin.

Gidan zane-zanen ba mu daɗe a cikinsa ba, domin gajiya ta fara kama Baba. Mun dai ga manyan zanukan Rubens, wani shahararren mai zane na Turai, da suka rufe bango tun daga ƙasa har kusan rufi, muka leƙa tsakar gidan mai launin ruwan hoda, inda Inna ta hango gunkin tagulla na Dauda a tsirara, kwafin aikin masassaƙin Italiya Michelangelo, ta kau da kai ta ce a wuce da ita. Yaran sun sha dariya, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Ga matata da ƙanwata, waɗanda suka tashi tun asuba suka haɗa abincin da likita ya yarda Baba ya ci, Allah ya saka muku da alheri. Ga maƙwabcinmu da ya ba mu aron motarsa mai faɗin da keke zai shiga, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, Allah ya biya shi. Ga yayanmu da ke Kano, wanda ya riƙe gida da duk hidimarsa tsawon watannin nan, da 'yan'uwa da abokan arziki da suka yi ta kira suna addu'a, ba mu da abin biyanku sai fatan alheri.

Azahar ta same mu a ƙarƙashin manyan itatuwan banyan da ke harabar, masu saiwoyi da ke saukowa daga rassa, waɗanda Baba ya ce ko ba a faɗa masa ba dangin ceɗiya ne. A nan muka yi salla, shi a zaune. Da muka gangara dandamalin marmara da ke fuskantar ruwa, sai ya ce a ba shi sandarsa, ya miƙe, ya taka da ƙafarsa har bakin dandamalin, mijin ƙanwata yana biye da shi da keken ba kowa a ciki.

In Allah ya yarda, su Baba za su koma gida a wata mai zuwa. Ya ce a wanke masa hoton taragon nan babba, zai kai wa tsofaffin abokan aikinsa na Zariya, kuma mun riga mun ba da aikin. Muna roƙon a ci gaba da sa shi a addu'a. Wassalam.